Ƙuri'ar Mutanen Tudu

Kwetta, tsakiyar sanyi

Zuwa ga Durbibi, uwar Shambe,

Bayan sallama da gaisuwa mai yawa, ina fatan takardar nan ta same ki lafiya, ke da Shambe da matarsa da jaririn da ban gani ba tukuna. Yaya gwiwar? Yaya zafin Maskat? Shambe ya ce aikin soja ba ya barinsa zama a gida, to ki riƙa tafiya a hankali, kada ki ce sai kin yi wa surukarki komai. Ni lafiya lau, in ban da sanyin garin nan da ya shiga ƙashina ya shimfiɗa tabarma.

Wani mai rubutu ne a bakin gidan waya yake rubuta mini. Na ce masa in ya gyara mini magana ko ɗaya zan tashi in koma wurin na kusa da shi.

Na zo, na ga Waja, ubangidanmu Mir Bahram. Amma bari in faɗa miki yadda na gan shi.

A bakin ƙofa wani ɗan sanda ya tare ni, wai in faɗi sunana a rubuta. Na ce masa, "Ɗana, shiga ka tambayi wanda ke ciki sunan kakan kakansa. In ya manta, ka dawo nan ka tambaye ni." Bai yi dariya ba. Ya nuna mini benci. Ni, Pirdad, a benci, tsakanin wani mai neman lasin mota da wata mata mai ƙarar maƙwabcinta.

Kin fi kowa sani. Ranar da aka naɗa wa Mir Bahram rawanin Nawab, wato sarkin ƙasarmu Zarkoh, ni na tsaya na jero kakanninsa, kamar yadda ubana ya jero wa ubansa. Tun daga ranar, gari bai taɓa wayewa ba sai ya zauna a darduma ya ce, "Pirdad, hal," ni kuma in kwance masa labarin ƙasa bi da bi: inda aka yi ruwa, rijiyar da ta ƙafe, wanda ya haihu, wanda ya mutu, raƙumin wa ya shiga gonar wa. Abin da na gani da abin da na ji, ba ƙari ba ragi. In na gama, shi ma ya mayar mini da nasa hal ɗin, kamar yadda kowane ɗan halak yake yi a ƙasarmu. Ko shekarar da gwamnati ta haɗiye Zarkoh, aka sauke tutar shaho, aka toshe bakin igwa, ba mu fasa ba. Ranar ma hal ɗina ya fi na kullum tsawo, don kada ya yi shiru. Da aka ce ya shiga majalisa, ba wanda ya yi rashin kunyar tsaya masa, ya wuce ba hamayya, na kuma raka shi har bakin mota. To yau da ya zama Babban Minista na lardi duka, ni ne na benci.

Kin tuna Zafar, ɗan Karimdad mai yadi? Wanda kika taɓa kora da muciya daga gindin dabinonmu yana satar ɗanye? Shi ne ya fito ya shigar da ni. Ya yi karatu a Karaci, ya dawo da tabarau da wando matsattse da agogo kamar faifai. Sakataren Waja ne yanzu. Takardu a hammata, baki a kunnen Waja. Suna magana da Turanci suna dariya, ban san abin da ake wa dariyar ba.

Gaskiya dai Waja ya tashi ya rungume ni. Ya ce, "Tsohon shaho! Ka rame. Durbibi ta tafi ganin jika ta bar ka da yunwa ko?" Sannan ya zauna ya ce, "Pirdad, hal." Wallahi uwar Shambe sai da idona ya kawo ruwa. Na gyara zama na fara da ruwan sama. Ban ko kai ga rijiyoyi ba wannan yaro ya dubi agogonsa ya ce, "Waja, injiniyoyi suna jira." Waja ya dafa gwiwata ya ce, "Ajiye mini sauran."

Hal da saura? Tuwo ne? Kuma bai mayar mini da nasa ba.

Injiniyoyin na madatsar ruwa ne da yake son ginawa a kogin Nilag, can sama da mutanen tudu. Da ya faɗi sunanta fuskarsa ta yi haske kamar ranar da aka haifa masa ɗa. Ya ce mini, "Pirdad, da ina Nawab, igwa nake da ita da tuta, amma ko famfo ɗaya ban iya kai wa tudu ba. Yanzu zan tare musu kogi guda." Na ce Allah ya taimaka. A raina na ce wannan ba maganarsa ba ce, cusa masa aka yi.

Da zan fita yaron ya biyo ni da wata rigar ulu, wai "Baba Pirdad, sanyin nan ba na wasa ba ne." Na sa. Don sanyi na sa, ba don shi ba.

Gobe zan hau mota in koma gida. Ki gaida kowa, ki shafa mini kan jaririn. Saura alheri ne.

Mijinki,
Pirdad


Zarkoh, lokacin sa wa dabino fure

Zuwa ga uwar Shambe,

Gaisuwa da fatan alheri. Yaya jiki, yaya yara? Halawar da kika aiko ta iso, na ci, na ba liman kaɗan, kaɗan ɗin ma don shi yake rubuta mini yanzu. Na sa an hau itatuwanmu an sa musu fure, sai na bakin rijiya da na ce a bar shi sai kin dawo kin ga yadda ya yi.

An karanta mini takardarki. Kin ce kishi nake yi. Kishin wa? Yaron da na san ranar da aka yi masa kaciya, na san irin ihun da ya yi? Ki daina sa surukarmu tana rubuta irin wannan magana, za ta raina ni.

Ga abin da ke faruwa. An ce wa'adin majalisa ya ƙare, za a sake zaɓe. Na ce to, a sake, Waja ya wuce kamar wancan karo. Ashe ba haka ba. Dilmurad mai motocin kifi ya tsaya masa. Dilmurad! Kakansa a ƙofar ganuwa yake shanya kifi, in Nawab zai fita sai an ce ya kwashe saboda wari. Yau jikansa yana yawo da lasifika yana cewa zamanin rawani ya wuce. Masunta da 'yan kasuwa suna tafa masa.

Wannan duk da sauƙi. Gwamnati ta ba kowane ɗan takara alama, don irinmu da ba mu iya karatu ba. Dilmurad agogo aka ba shi. Waja kuwa, mai tutar shaho, guga. Gugar jan ruwa, uwar Shambe. An manna hotonsa da guga a kowane bango, har bangon bayan masallaci inda ake tsugunawa. Jiya na ga akuyar maƙwabciyarmu Gulbibi ta miƙe tana cin gemunsa. Na kore ta, na ɓamɓare hoton na kawo gida.

Shekaranjiya sai ga jif a ƙofarmu. Zafar ne. Ya cire takalmi, ya zauna a ƙasa, wannan dai ba zan yi masa ƙarya ba. Na ba shi shayi don gidana ya zo. Ban ce masa hal ba, shi ma bai san ya kamata ya jira a ce masa ba, kawai ya fara zuba. Ya fito da wata takarda ya nuna mini yadda abin yake. Sunan Dilmurad ne a sama, na Waja a ƙasa. Na ce wa ya jera su haka? Ya ce tsarin haruffa ne. Na ce haruffa ba su da kunya ke nan.

Ya ce mutum zai shiga bayan labule, a ba shi hatimi, ya buga a kan guga, ya ninke, ya jefa a akwati. Na ce, "A kan sunan Waja za a buga? A ninke shi, a jefa shi akwati ɗaya da mai kifi, sannan wani malamin makaranta ya zazzage su a ƙasa yana ƙirgawa kamar busasshen kifi?" Ya yi dariya ya ce, "Baba, haka ake yi a duk duniya." Na ce Zarkoh ba duk duniya ba ce.

Sai ya sauke murya. Ya ce gari ya rabu, bakin teku ya tafi wurin Dilmurad, in mutanen tudu ba su fito ba to akwai matsala. Ba su taɓa jefa ƙuri'a ba, ba sa kuma sauraron mai tabarau. Ya ce, "Kai suke ji, Baba Pirdad. Ka hau ka yi musu bayani. In Waja ya faɗi, madatsar ruwa ta faɗi."

Kin ji? Yanzu an tuna da benci. Na ce masa, "Waja ne ya aiko ka, ko kai ka aiko kanka?" Ya ce Waja yana can yana fama da majalisa, amma ai duk ɗaya ne. Na ce a'a, ba ɗaya ba ne. Tun da nake ba a taɓa aikena da bakin wani ba. In Waja yana son abu a wurina, ya san sunana.

Amma zan je. Tudun nan tun kafin a haifi uban Zafar nake hawansa. Ya ce zai ba ni jif da direba, na ce raƙumin liman ya ishe ni.

Ki ci gaba da shafa man nan a gwiwa. Saura alheri ne.

Naki,
Pirdad


Zarkoh, bayan saukowata daga tudu

Zuwa ga Durbibi,

Sallama da gaisuwa. Ina fatan kina lafiya, jaririn kuma ya daina zazzaɓin haƙori. Ni na dawo lafiya, sai bayana da raƙumin liman ya kusa rabawa biyu. Liman yana jin abin da nake faɗa, shi yake rubutawa, ya kuma san gaskiya ce.

Na hau tudu. Uwar Shambe, can har yanzu mutane ne. Tun daga nesa yara suka gane rawanina. Kamalan, dattijonsu, da kansa ya fito ya kama mini akala, ga tsufa ga makanta ta fara. Aka shimfiɗa darduma, aka kawo ruwa, ba wanda ya ce uffan sai da na sha. Dattawan ƙauyuka duk suka taru. Sannan Kamalan ya ce, "Pirdad, hal."

Na ba su hal tun daga ƙofar gidana har inda nake zaune, ba wanda ya dubi agogo. Na faɗi zuwana Kwetta, na faɗi benci. Na faɗi guga da akuya. Na faɗi Dilmurad, da sunan wa ke sama. Na faɗi labule da hatimi da akwati, daidai yadda yaron ya nuna mini. Madatsar ruwa ma na ambata, kada ki ce ban ambata ba.

Da na gama sai Kamalan ya ce, "To shi Waja me ya ce mu yi?"

Na ce, "Da bakinsa bai ce mini komai ba."

Ya ce, "To wa ya ce?"

Na ce, "Ɗan Karimdad mai yadi."

Wani can baya ya ce, "Karimdad da ya sayar wa uwata yadi mai zuba?" Aka yi dariya. Kamalan bai yi ba. Ya ce, "Ni da hannun nan na riƙe gefen rawanin ranar da aka naɗa shi. Ubana ya riƙe na ubansa. Mun zaɓa tun ranar, a gaban Allah da jama'a, ba a bayan labule ba. Wanda ya sake tambayarmu wa muke so, zaginmu ya yi. In na shiga bayan labule, ai na yarda ke nan cewa da ina iya buga wa mai kifi." Ya juyo wajena ya ce, "Ko ba haka ba, Pirdad?"

Kin san mai ba da hal ba ya ba da shawara. Na dubi ƙasa na ce, "Ni dai hannuna ba zai buga tawada a kan sunansa ba." Hannuna na faɗa, ban faɗi na kowa ba.

Nan take suka yanke. Ranar zaɓe ba mai zuwa wurin akwati, namiji ko mace. Kowane ƙauye zai yanka raguna, a gasa, a sauke Alƙur'ani, a harba bindiga sama don girman Waja, duniya ta san tudu ba ya sa ubangidansa a ma'auni. Kamalan ya ce in Waja ya ji zai yi alfahari da su. Na ce in sha Allahu.

Na san abin da za ki ce, don haka kada ki wahalar da surukarmu. Ban yi ƙarya ko ɗaya ba. A nuna mini kalmar da na ƙara. In Waja yana son tudu ya shiga bayan labule, da ya kira ni ya faɗa mini, kamar yadda ya saba faɗa mini komai kafin a haifi masu tabarau. Kuma Nawab ne fa. Wa zai kayar da Nawab a Zarkoh? Akwati?

Da na sauko na tarar da yaron a bakin kasuwa, ya rame, idanu sun faɗa. Ya rugo ya kama hannuna biyu ya ce, "Baba, yaya tudu?" Na ce, "Tudu na Waja ne, dutse da mutum." Ya sumbaci hannuna, ya ce yau zai yi barci. Ba hal ya tambaye ni ba. Da ya san yadda ake tambaya, da ya ji duka.

Ki gaida Shambe, ki ce masa ya rage shan taba. Saura alheri ne.

Mijinki,
Pirdad


Zarkoh, farkon zafi

Uwar Shambe,

Gaisuwa. Ina fatan kuna lafiya. Wannan gajeriya ce, liman yana sauri.

Na san rediyo ya riga ni. Waja ya faɗi. Dilmurad ne ɗan majalisa, wani kuma daga arewa ya hau kujerar Babban Minista. An ce tazarar ba ta kai mutanen ƙauye ɗaya na tudu ba.

Akwatunan tudu sun sauko wayam. Malaman zaɓe sun ce ba su taɓa cin nama irin na ranar ba, an yi ta cika musu faranti ana harba bindiga, amma ko mutum ɗaya bai karɓi hatimi ba. Wani malami ya roƙi Kamalan har da kuka, Kamalan ya ce a ƙara masa haƙarƙari.

Injiniyoyi sun kwashe motocinsu daga Nilag. An ce sabon Babban Ministan ya fi son gina hanyar bakin teku.

Ban ji daɗi ba, Allah ya sani. Da aka faɗa a rediyon mai shayi na ajiye kofina na tashi. Amma ki ji: Waja zai dawo gida. Jibi. Ba benci, ba ɗan sanda, ba injiniya. Na sa an share zauren ganuwa, an kakkaɓe tsohuwar darduma, ni da kaina na cire gidan tattabaru daga taga. Na kai rawanina wanki.

'Yan uwan Waja suna ta cewa Zafar ne ya sayar da tudu, wai Dilmurad ya saye shi tun a Karaci. Jiya an jefi shagon ubansa. Ba ni na faɗa ba, ba a kuma tambaye ni ba.

Kin ce a takardarki in na ga abin da nake so ba zan gane shi ba. Ban san me kike nufi ba, kuma kada ki yi mini bayani.

Saura alheri ne.

Pirdad


Zarkoh, lokacin nunar dabino

Zuwa ga Durbibi, uwar Shambe, abokiyar zamana,

Bayan gaisuwa mai yawa da begen ganinki, yaya gwiwar, yaya yaron? An ce ya fara rarrafe. Na daɗe ban aiko ba, ba ciwo na yi ba. Dabinon bakin rijiya, wanda na hana a sa wa fure sai kin dawo, bai yi ko ɗaya ba. Sauran sun yi.

Waja ya dawo. Washegari da safe na shiga zaure na tarar da shi a darduma, inda ya saba. Ya tsufa, uwar Shambe, wuyansa ya yi ƙanƙanta a riga. 'Yan uwansa suna gefe suna hura hanci. Zafar yana can bakin ƙofa wurin takalma, da tabo a goshi inda dutse ya same shi. Na zauna a wurina na dama. Ba wanda ya zauna a wurin tun da na bar shi.

Waja ya ce, "Pirdad, hal."

Na fara da ruwan sama. Ba wanda ya katse ni. Na bi rijiyoyi, na bi haihuwa da mutuwa, na zo kan zuwan Zafar gidana, da abin da ya roƙe ni. Na hau tudu. Hal ba a tsallake masa dutse, kin sani, kuma ban ga abin ɓoyewa ba. Na faɗi tambayar Kamalan da amsata, kalma da kalma. Na faɗi raguna da bindigogi. Na ce, "Waja, a duk lardin nan kai kaɗai ne mutanenka suka ƙi yarda a ƙirga ka." Na faɗa da ƙarfi, don na bakin ƙofa ya ji.

Ƙanensa ya miƙe zai yi magana, Waja ya ɗaga hannu. Ya dube ni. Ba fushi a fuskarsa, da ma fushi ne. Sai ya ce, "Ka gaya musu madatsar ruwa?" Na ce na ambata. Ya ce, "A ina?" Na ce bayan akuya. Ya yi wata 'yar dariya da ban taɓa jin irinta a bakinsa ba.

Sannan ya mayar mini da hal, a gaban kowa, karo na farko tun tafiyarsa Kwetta. Ya ce: "Nawa gajere ne. Ƙasata gwamnati ta karɓa, na haƙura, baƙi ne. Lardi kuwa mutanena ne suka karɓe, da raguna da addu'a. Nilag zai ci gaba da zubewa a teku, matan tudu za su ci gaba da ɗaukar tulu. Laifina ne da ban kira ka na faɗa maka da bakina ba. Na ɗauka wanda ya san kakannina duka ya san ni. Saura alheri ne."

Ya tashi, ya taka har wurin takalma, ya kama hannun yaron ya ɗaga shi, ya ce wa 'yan uwansa duk wanda ya sake taɓa shagon Karimdad shi ya taɓa. Ya sumbace shi a goshi, daidai kan tabon. Ni shekara nawa ina zaune a damansa, bai taɓa sumbatar goshina ba.

Zafar ya tafi Karaci, ya samu aiki a wurin wani lauya. Kafin ya hau mota ya zo gidanmu sallama. Na ɗauka zagi ya kawo, na shirya masa amsa. Sai ya ce, "Baba, ka kula da shi, ba ya shan maganinsa sai an tsaya a kansa." Na miƙa masa rigar ulunsa, ya ce kyauta ba ta komawa. Tana nan rataye, ta hana ni sakewa a ɗakina.

Kamalan ya sauko da kansa a kan jaki ya kawo wa Waja rago, yana jiran yabo. Waja ya karɓa, ya yi masa godiya, ya sa aka ba shi rawani sabo. Bai gaya masa komai ba. Ya kuma hana kowa ya gaya masa.

To yanzu ga ni. Kullum da safe ina damansa. Ba agogo, ba takarda, ba Turanci. Yana cewa, "Pirdad, hal," ina bayarwa tun daga ruwan sama har raƙuma, ba ya katse ni ko sau ɗaya. Amma idonsa yana taga, wajen hanyar mota. In na gama sai ya ce, "Madalla. Motar Karaci ta shigo?"

Don haka yanzu kafin in je zaure sai na biya tasha. In akwai takarda daga yaron, ni nake karɓa, ban yarda wani ya kai ba. Ina miƙa masa, ya sa tabarau ya karanta, ya yi murmushi, wani lokaci ya yi dariya har da tari. Ina zaune a damansa ina kallon bakinsa. Ba ya faɗa mini abin da ke ciki, ni kuma ba na tambaya.

Har yanzu ina nan a kan bakana: ban yi ƙarya ba, kuma guga ba alamar Nawab ba ce. Ko gobe aka kawo hatimi ba zan buga ba. Liman ya ɗago kai yana kallona, na ce ya rubuta.

Amma ki dawo, uwar Shambe. Jikanmu ya yi rarrafe, uwarsa ta iya rainonsa. Ki ce wa Shambe ya sa ki a jirgin farko bayan an gama yankan dabino. Ki zo ki yi mini faɗan da kike tarawa, na yarda, ki yi shi tun daga bakin ƙofa. In kin gaji kin zauna kin sha ruwa, ki dube ni ki ce mini hal. Ke dai in ina bayarwa ba kya kallon taga.

Saura, in kin zo, alheri ne.

Mijinki,
Pirdad